Tarihin Ƙararrawar Faɗawa Teku a Ƙananan Jiragen Ruwa

Ƙararrawar faɗawa ruwa na'ura ce da ke sanar da mutanen jirgi cewa ɗayansu ya faɗa teku, wasu ire-irenta kuma har su nuna musu inda yake. Manyan jiragen kaya da na soja suna da nasu tsare-tsaren, amma inda buƙatarta ta fi tsanani shi ne a ƙananan jiragen shaƙatawa masu filafilai, waɗanda ke ƙetare Atlantika ko Fasifik da mutum biyu ko uku kacal a ciki, sau da yawa miji da mata. Aiki a irin wannan tafiya karɓa-karɓa ne: ɗaya na gadi a sama, ɗaya na barci a ƙasa. Idan mai gadin ya zame da tsakar dare, ba wanda ya gani, ba wanda ya ji, jirgin kuma ba zai tsaya ba. Jirgin da ke gudun mil shida na teku a awa yana cin kusan mita uku a kowace daƙiƙa. Cikin minti goma ya ba da tazarar mil guda, wato mita 1,852. In mai barci bai farka ba sai bayan awa biyu, abokin tafiyarsa yana can baya da nisan fiye da kilomita 22. Kan mutum a cikin ruwa bai wuce ƙoƙo girma ba, kuma ko da rana tsaka raƙuman ruwa kan ɓoye shi tun jirgi bai yi wani nisa ba.

A zamanin manyan jiragen filafilai matsalar ba ta da wannan siffa, don jirgi cike yake da mutane, ko da yaushe akwai idanu a farke. Muryar wanda ya gani ita ce ƙararrawa. Da ya kwarma ihu sai a wurga duk abin da ba ya nutsewa, katako ne ko kejin kaji, a sa mutum ɗaya ya hau jigon jirgi ya kafa wa wanda ya faɗa ido yana nuna shi da hannu, a juya filafilai jirgi ya tsaya, sannan a saukar da kwalekwale. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kyaftin kan ƙi saukar da kwalekwalen, gudun kada ya rasa mutum shida wajen neman ɗaya. Da yawa daga cikin matuƙan wancan lokaci ma ba su iya iyo ba. Wanda ya tsira, galibi kwanansa ne ke gaba, kamar John Howland da ya faɗa daga jirgin Mayflower a 1620 ana tsakiyar guguwa, ya cafki wata igiyar filafili da ke jan ruwa, aka jawo shi da ƙugiya.

Ƙarni na 19 ya kawo kayan aiki, amma duka na riƙe mutum a saman ruwa ne ko na yi wa wuri alama. Jiragen yaƙin Birtaniya sun riƙa rataye wani abin ceto mai ƙwallaye biyu na tagulla a bayansu, da mai gadi kusa da shi; in an yi ihu cikin dare, ya kunna wutar da ke samansa ya sake shi cikin ruwa. Zoben ceton da ake gani a jikin jirage har yau ana danganta shi da wani hafsan sojan ruwa, Thomas Kisbee, kuma ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824, ta karɓe shi a 1855. Shekara guda kafin nan sufetonta, Kyaftin John Ross Ward, ya haɗa rigar ceto da ɓawon wani itace mara nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. A shekarun 1870 kuma Nathaniel Holmes ya fito da fitilar da ruwa ke kunnawa: gwangwani ne mai sinadarin kalsiyam fosfaid, wanda da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya saki wata iska mai kamawa da wuta da kanta. Sai wani ya jefa ta tukuna, amma dabarar da ke cikinta, cewa ruwan da ya cinye mutum shi zai tayar da alama, ita ce na'urorin yau suka gada.

Jiragen inji sun zo da tasu tambayar, ta yadda za a komo da jirgi mai nauyin dubban tan kan ainihin layin da ya biyo. Amsar da ta fi shahara tana ɗauke da sunan John Williamson, hafsan sojan ruwan Amurka da ya yi aiki da ita a 1943. Ana murɗa sitiyari gaba ɗaya zuwa ɓangaren da mutum ya faɗa, abin da ke kawar da farfela daga gare shi. In jirgi ya kauce da digiri 60, sai a murɗa gaba ɗaya zuwa ɗaya ɓangaren har ya fuskanci inda ya fito. Don sanar da jiragen da ke kusa, ana ɗaga tutar harafin O, rabi ja rabi rawaya, a busa ƙaho mai tsawo sau uku.

Matsalar da ta haifi ƙararrawar zamani ta samo asali ne daga wani ci gaba da kowa ya yi maraba da shi, wato jirgin da ke tuƙa kansa. Joshua Slocum, wanda ya fara kewaya duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898, ya nuna cewa ƙaramin jirgi irin nasa, Spray, zai iya riƙe hanyarsa kwana da kwanaki ba mai hannu a sitiyari. Shi kansa ya ɓace a teku a 1909, ba a ga jirgi ba balle gawa. A 1960 aka yi tseren farko na ƙetare Atlantika mutum ɗaya a jirgi, daga Plymouth zuwa New York, inda Blondie Hasler ya yi amfani da na'urar tuƙi mai bin iska da ya ƙera da kansa. Shekarun 1970 suka kawo matuƙin lantarki mai araha irin na Autohelm, a daidai lokacin da jiragen faiba suka karya farashin mallakar jirgi. Sai ga ma'aurata da 'yan fansho suna shiga tafiyar da a da sai da ma'aikata goma. A da, in mai tuƙi ya faɗa, jirgi kan juya ya fuskanci iska, filafilai su yi ta faffaka har hayaniyarsu ta ta da na ƙasa. Da matuƙin lantarki kuwa, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa sumul, mai barci ma ya ƙara jin daɗin barcinsa.

Darussan farko daga fagen tsere suka fito, don a can ake rubuta rahoto a kan kowane hatsari. A tseren kewaya duniya na Whitbread na farko, 1973 zuwa 1974, mutum uku suka faɗa teku suka ɓace, ba a samo ko ɗaya ba. A watan Agustan 1979 guguwa ta afka wa jirage 303 da ke tseren Fastnet tsakanin Ingila da Ayalan, 'yan tsere 15 suka mutu, da dama cikinsu saboda ɗamarar tsaro ta tsinke ko abin da aka maƙala ta ya fizge. A watan Maris na 1983 Rob James, ɗaya daga cikin gwanayen matuƙan Birtaniya, ya faɗa daga jirginsa Colt Cars GB a bakin mashigar Salcombe. Abokansa sun san ya faɗa, ga tudu kusa, amma ya mutu kafin a fitar da shi. Irin waɗannan mace-mace ne suka sa Makarantar Sojan Ruwan Amurka da ke Annapolis da wata gidauniyar matuƙa a Seattle suka shiga gwaje-gwaje a shekarun 1980. Daga nan aka sami dabarar tsayar da jirgi nan take, ta hanyar juya shi cikin iska ba tare da sauke filafilai ba, da kuma Lifesling, wata majanyi mai yawo a ruwa da ke ɗaure da doguwar igiya, wadda jirgi ke kewaya mutum da ita har ta zo hannunsa.

A gefe guda masana sun sauya fahimtar abin da ke kashe wanda ya faɗa. Likitan sojan ruwan Birtaniya Frank Golden, da Michael Tipton da ya yi aiki tare da shi, sun nuna cewa a ruwan sanyi haɗari mafi girma yana cikin mintoci uku na farko, lokacin da numfashi ke ƙwace wa mutum ya shaƙi ruwa. Bayan haka, cikin rabin awa, hannuwa da ƙafafu su sage, ya kasa iyo, ya kasa riƙe igiya ko danna maɓalli. Sanyin da ke ratsa cikin jiki sai daga baya yake zuwa, wasu ma a daidai lokacin da ake ɗaga su daga ruwa zuciyarsu ke tsayawa. Ga masu ƙera na'ura wannan na nufin abu biyu: lokaci gajere ne ƙwarai, kuma na'urar da ke jiran yatsun wanda ya faɗa su kunna ta ba abin dogaro ba ce.

Na'urorin rediyo na farko aro aka yi daga jiragen sama. Zangon megahaz 121.5 shi ne na neman agaji a sararin sama, kuma Amurka ta tilasta wa ƙananan jiragen sama ɗaukar na'urar da ke aika sigina a kansa a farkon shekarun 1970, zamanin da jirgin 'yan majalisa Hale Boggs da Nick Begich ya ɓace a Alaska a 1972. Kamfanoni irin su Sea Marshall na Ingila suka ƙanƙantar da ita har mutum ya iya rataya ta a wuya, ruwa ya kunna ta. A cikin jirgi akwai akwatin karɓa da ke yin kuwwa in ya ji siginar, da wata eriya da ke nuna ɓangaren da take fitowa. Ba ta faɗin nisa, sai dai mai nema ya bi ƙarfin sauti, kuma eriyar nuna ɓangare tana da tsada, don haka ta fi karɓuwa a wuraren haƙar mai a teku da manyan jiragen tsere. A watan Nuwamban 1989, a Tekun Kudu, cikin tseren Whitbread, mutum biyu suka faɗa daga jirgin Creighton's Naturally cikin dare, sanye da rigunan ceto da irin waɗannan ƙananan na'urori. An samo su duka biyun, abin da shekaru 16 kafin nan ba a iya ba. Bart van den Dwey ya farfaɗo, Anthony Phillips bai farfaɗo ba.

Tauraron ɗan'adam ya shigo ta hanyar shirin Cospas-Sarsat, wanda Kanada da Faransa da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a 1979, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. An harba tauraro na farko a watan Yunin 1982, kuma a watan Satumba ya taimaka aka ceto mutum uku da jirginsu na sama ya faɗi a lardin British Columbia. Tsarin ya koma zangon megahaz 406, inda kowace na'ura ke aika lambar da ke bayyana mai ita, ya kuma daina sauraron 121.5 a ranar 1 ga Fabrairun 2009. Saƙo kan sauka a tashar ƙasa, ya wuce cibiyar kula da shirin, sannan ya isa ga masu aikin ceto. Nijeriya ma tana da irin wannan cibiya a Abuja ƙarƙashin hukumar NEMA. Ƙananan na'urorin aljihu na wannan tsari, da ake kira PLB, an halatta su a duk faɗin Amurka a watan Yulin 2003. Sun ceci dubban rayuka, amma ga wanda ya faɗa daga jirgin ma'aurata a tsakiyar Atlantika suna da babban giɓi. Saƙonsa zai isa wani ofishi mai nisan dubban kilomitoci, jirgin kaya mafi kusa yana iya zama tafiyar yini guda, alhali jirgi ɗaya tilo da zai iya isa gare shi da ransa, wato nasa, bai ji komai ba.

Na'urar GPS, wadda tsarinta ya kammala a 1995, ta zo da maɓallin da in an danna shi take adana wurin da jirgi yake a wannan daƙiƙa, ta riƙa nuna hanyar komawa da nisa. A farko kuskurenta kan kai mita 100, saboda sojan Amurka suna dagula siginar da gangan. Da aka daina hakan a farkon watan Mayun 2000 sai kuskuren ya sauko zuwa kimanin mita goma. Amma maɓallin yana adana wurin da aka danna shi ne, ba wurin da mutum ya faɗa ba, balle inda gudun ruwa da iska suka kai shi daga baya. Kuma sai akwai wanda ya gani kafin a danna. Ko ganin ma ba ya isa. A daren 12 wayewar 13 ga Yunin 1998 Eric Tabarly, gwarzon matuƙan Faransa, yana rage filafili a tsohon jirginsa Pen Duick a gaɓar Wales, sandar filafili ta make shi ya faɗa. Bai ɗaura ɗamara ba. Abokan tafiyarsa suna kallo, suka jefa zoben ceto, duhu ya haɗiye shi. Sai bayan fiye da wata guda wani jirgin kamun kifi ya tsamo gawarsa.

Dabarar da ta amsa matsalar mai barci ta juya tunanin da aka saba bi ne. Maimakon na'ura ta yi kira bayan mutum ya faɗa, sai aka sa ta yi ta magana da akwatin jirgi ba tsayawa muddin yana ciki, shirunta kuma ya zama ƙararrawa. Kowa ya ɗaura wata 'yar na'ura a hannu kamar agogo, ko ya maƙala ta a riga. Ruwan gishiri yana haɗiye siginar irin wannan rediyo nan take, don haka da ta nutse, ko ta yi nisa da akwatin, jiniya ta tashi, GPS kuma ya adana wurin da kansa. LifeTag na kamfanin Raymarine, da ya fito a tsakiyar shekarun 2000, yana yin kuka in na'ura ta wuce kimanin mita tara na 'yan daƙiƙu. Kamfanin NKE na Faransa, wanda 'yan tseren kaɗaici ke amfani da kayansa, ya haɗa tasa da matuƙin lantarki, yadda in sigina ta yanke jirgi zai bar hanyarsa ya juya cikin iska ya rage gudu. Kyawun wannan tsari shi ne ko batir ya mutu ƙararrawa za ta tashi, don haka lalacewarsa ba ta ɓuya. Aibinsa ma daga nan yake. Mutum ya shiga bayan tankin ruwa, ko ya kwanta a kan hannunsa, sai jiniya ta ta da kowa da ƙarfe uku na dare ba gaira ba dalili, kuma na'urar da ta cika yin haka ƙarshenta aljihun tebur. Sannan da mutum ya fita daga da'irarta, ba ta da sauran labarinsa.

A jiragen inji masu gudu haɗarin daban ne, don jirgin da ya zubar da direbansa kan yi ta kewaye ya dawo kansa da farfela. Maganinsa tsohuwar igiya ce da ake ɗaurawa a ƙafa, wadda ke kashe inji in an fizge ta. A ranar 5 ga Mayun 2013 a Padstow, kudu maso yammacin Ingila, wani jirgi ya watsar da iyali mai mutum shida, igiyar ba ta ɗaure a jikin kowa, uba da 'yarsa suka mutu. Tun daga 1 ga Afrilun 2021 dokar Amurka ta wajabta amfani da ita a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba, ta kuma amince da ire-irenta marasa igiya, irin na kamfanin FELL Marine na Norway, masu aiki da waccan dabara ta yankewar sigina.

Sauyi mafi girma ya zo ne daga tsarin da ba don ceto aka yi shi ba. AIS hanya ce da jirage ke shelanta sunansu da wurinsu da gudunsu a zangon megahaz 161.975 da 162.025 don kauce wa karo. Yarjejeniyar SOLAS ta wajabta shi a kan manyan jirage tsakanin 2002 da 2004, daga 2006 kuma aka sami nau'i mai araha na ƙananan jirage, har ya zama kusan kowane jirgin ƙetare teku yana da allon da ke nuna maƙwabtansa. Da aka amince da na'urar ceto ta AIS a watan Janairun 2010, ba a jima ba, wajen 2011, kamfanonin Kannad da McMurdo suka fito da ƙananan da mutum zai sa a rigar ceto. Kowace tana da nata GPS, tana aika wurinta kowane minti da ƙarfin wat ɗaya, lambarta tana farawa da 972 don a gane mutum ne ba jirgi ba. Tana kaiwa mil huɗu zuwa biyar in teku a kwance yake, ƙasa da haka in raƙuman ruwa sun tashi, tunda eriyarta a fuskar ruwa take. A karon farko wanda ke cikin jirgi ya iya ganin inda abokinsa yake a yanzu, ba inda yake ɗazu ba.

Abin da ya tabbatar wa matuƙa amfaninta ya faru ne a ƙarshen Maris na 2014, a arewacin Fasifik, cikin tseren Clipper. Andrew Taylor ya faɗa daga jirgin Derry~Londonderry~Doire da rana, a gaban abokansa, aka danna maɓallin GPS, amma nan da nan ya ɓace musu. Yana da na'urar AIS ta kansa, sai dai ba ta kunnu daidai ba da farko. Sai da ya jima a ruwa ya lura, ya sake kunna ta, alamarsa ta fito a allo a wani wuri nesa da inda ake ta nemansa, don iska ta tura shi fiye da yadda aka ƙiyasta. An fitar da shi da rai bayan minti 100 a ruwan sanyi. Masu shirya tseren suka raba wa kowa na'urar, aka kuma koma haɗa ta da rigar ceto yadda kumburar rigar ce ke zare mata fil ta miƙar da eriya. Shekarun da suka biyo baya sun nuna iyakarta. A 2016, a wannan tsere dai, na'urar ta kai jirgi ga wata mata da igiyar ruwa ta share, amma bayan fiye da awa guda, rai ya riga ya yi halinsa. A ranar 26 ga Maris na 2018 John Fisher ya faɗa daga jirgin Scallywag a tseren Volvo, mil 1,400 yamma da Cape Horn. AIS na jirgin ya lalace tun farkon wannan zango na tseren, ba abin da zai karɓi sigina, ba a kuma same shi ba. A tafkin Michigan kuwa, a 2017, usur ne ya kai jirgi ga wani ɗan tsere bayan kusan awa guda cikin duhu.

Akwai kuma wani rauni da ya fi shafar ma'aurata. Tsofaffin alluna da yawa ba su san lambar 972 ba, sai su nuna mutum kamar wani jirgi ne kawai, ko su yi ɗan ƙara da ba zai ta da wanda ya gaji ba. Aka toshe wannan da tsarin DSC na rediyon VHF, wanda ke aika kiran gaggawa a tasha ta 70 ya sa rediyo kuka mai tsanani. Na'urar rescueME MOB1 ta kamfanin Ocean Signal, da ta fito a tsakiyar shekarun 2010, ta haɗa biyun: ta kira rediyon jirginta da lambarsa, ta kuma aika wuri ta AIS. Ƙasashe sun sha bamban a kan ko a bar irin wannan na'ura ta kira dukkan jirage da kanta, saboda tsoron kiran ƙarya, har ya zama na'ura ɗaya tana aiki iri-iri gwargwadon ƙasar da aka saye ta. Ga kuma cunkoso a zangon AIS, don masunta sun shiga maƙala na'urori masu araha a tarunansu. Taron rediyo na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh a 2019 ya raba waɗannan na'urori gida biyu, ya bar zangon AIS ga masu alaƙa da tsaron rai da zirga-zirga. Daga nan aka sami ajin M, wanda dole ya iya aikawa da karɓar DSC, yadda in an amsa kira zai nuna wa na cikin ruwa. Wasu ƙasashen Turai sun fara aiki da wannan sharaɗi daga Janairun 2025.

Wayar hannu ma ta shigo fagen. A watan Oktoban 2011 Florence Arthaud, wadda ta ci tseren Route du Rhum a 1990, ta faɗa daga jirginta cikin dare kusa da tsibirin Corsica tana ita kaɗai. Da waya mai jure ruwa ta kira mahaifiyarta, aka bi siginar wayar, jirgi mai saukar ungulu ya tsamo ta. Kusancin gaɓa ne ya ba ta wannan dama. Abin da ya fi yaɗuwa shi ne amfani da wayar a matsayin akwatin karɓa: kayan OLAS da CrewWatcher da Sea-Tags suna magana da manhajar waya ta Bluetooth, sun kuma sauko da farashin ƙararrawar yankewar sigina har ana ɗaura wa yara da karnukan jirgi. Sai dai waya tana iya mutuwa, ko ta rufe manhajar don tsimin batir, shi ya sa wasu kamfanonin suka koma sayar da akwati na musamman mai jiniyarsa. Manyan jiragen yawon buɗe ido, inda ba za a iya ɗaura wa fasinja dubu biyar na'ura ba, sun bi hanyar kyamarori masu ganin zafin jiki, bisa dokar Amurka ta 2010 da ma'aunin ISO 21195 na 2020.

Duk waɗannan ba su taɓa aikin da ya fi wuya ba, wato fitar da mutum daga ruwa. Namiji da tufafinsa suka sha ruwa ya fi ƙarfin mace ɗaya, ko ma namiji ɗaya, gefen jirgi kuma ya kai mita guda ko fiye daga fuskar ruwa, yana hawa yana sauka. Dole sai an maƙala masa igiyar ɗaga filafili an naɗe ta da na'urar ja, a daidai lokacin da mutum ɗayan nan yake tuƙi, yake duba allo, yake kiyaye kada igiya ta naɗe farfela. Ita ma igiyar tsaro tana da nata haɗarin. Hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta binciki mutuwar kyaftin ɗin jirgin Lion a 2011, wanda ya nutse yana maƙale da jirginsa ana jan sa a ruwa, da ta wani ɗan tseren Clipper a 2017 wanda ƙugiyar igiyarsa ta maƙale a wani ƙarfe ta lanƙwashe ta buɗe. Wannan ya sa ake koyar da amfani da gajeriyar igiya da maƙala ta kusa da tsakiyar jirgi, yadda ko mutum ya faɗi ba zai kai ruwa ba.

A yau jirgin ma'aurata da ya shirya ƙetare teku yakan haɗa tsari biyu ne: 'yar na'urar hannu da za ta ta da mai barci cikin daƙiƙu, da ta AIS da DSC a cikin rigar ceto da za ta jagoranci komawa. Tun daga 2022 akwai na'urorin da suka haɗa AIS da megahaz 406 a jiki ɗaya, har da fitilar da ke nuna cewa saƙo ya isa, ta hanyar taurarin Galileo na Turai da suka fara wannan hidima a Janairun 2020. Ƙa'idojin hukumar World Sailing sun wajabta na'urar AIS ga kowane mutum a tseren nesa da gaɓa, haka ma ayarin ARC, wanda Jimmy Cornell ya kafa a 1986, da ke tashi kowace Nuwamba daga Las Palmas zuwa Saint Lucia, tafiyar kimanin mil 2,700. Kafin tashi masu dubawa kan shiga kowane jirgi su ga kayan tsaronsa. Batirin na'urar AIS ta cikin rigar ceto kan yi shekara biyar zuwa bakwai a ajiye, ya yi aiki awa 24 in an kunna, kuma tana buƙatar a shigar mata da lambar rediyon jirgi, a gwada ta da allon jirgin don a ji ko zai yi ƙara, a kuma sake duba zaren da ke haɗa ta da rigar ceto duk lokacin da aka buɗe rigar aka naɗe.